Yadda Mai Asusun Banki Zai Kare Kuɗinsa Daga Masu Damfara Ta Waya da Intanet

Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a ƙarshen 2022 da farkon 2023, mutane da yawa a Sakkwato waɗanda a da ba sa yarda da komai sai tsabar kuɗi a hannu suka koma ciniki da tiransifa. Mai kawo albasa daga Goronyo, da dillalin dabbobi a Kara, da mai shagon atamfa a Babbar Kasuwa, da matar da ke sayar da turaren wuta daga cikin ɗakinta a Mabera, kowannensu yanzu jarinsa na cikin waya. An samu sauƙi ƙwarai, amma sauƙin ya zo kafin a koya wa mutane yadda za su tsare kansu, kuma masu damfara sun fi kowa sanin haka.

Abu na farko da ya kamata mai asusu ya riƙe shi ne, mafi yawan waɗannan ɓarayi ba sa fasa kwamfutocin banki. Ba su da wannan ƙarfi. Abin da suke yi shi ne su sa mai kuɗin ya miƙa musu sirrinsa da bakinsa ko da yatsansa, ta hanyar kiran waya, ko saƙon tes, ko shafin intanet na bogi da aka tsara shi kamar na banki. Saboda haka kariyar ma a hannun mai asusu take, kuma ba ta buƙatar ilimin kwamfuta.

Abin da ɓarawon ke nema a hannunka

Lambar asusunka mai lamba 10 ba sirri ba ce. Don a turo maka kuɗi aka yi ta, kuma rubuta ta a jikin shago ba ya cutar da kai. Sirrin yana cikin wasu abubuwa dabam: lambar PIN mai lamba 4 ta katin ATM ko ta tiransifa, da dogayen lambobin da ke jikin katin tare da watan da zai daina aiki, da ƙananan lambobi 3 na bayansa, da kalmar sirrin shiga manhajar banki, sai kuma lambar OTP da banki ke turowa ta tes a daidai lokacin da ake son fitar da kuɗi ko ɗora asusunka a kan sabuwar waya.

Yana da kyau a san aikin kowannensu, domin wanda ya san amfanin abu ba ya saurin bayar da shi. Wanda ya samu lambobin jikin katinka da na bayansa yana iya fara sayayya a intanet ko loda kuɗi a wata manhaja alhali katin yana cikin aljihunka. Abin da yakan tsayar da shi a nan shi ne OTP, wadda za ta faɗo a wayarka kai, ba a tasa ba. Shi ya sa za ka ga ya kira yana cewa a karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Wannan lamba ita ce sa hannunka na ƙarshe. Da zarar ka karanta ta, a wurin kwamfutar banki kai ne ka amince a fitar da kuɗin.

Lambar BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, da lambar NIN ta hukumar katin ɗan ƙasa NIMC, kowacce mai lamba 11, ba sa isa su kaɗai a cire kuɗi da su. Duk da haka kada a watsar da su. Da su ne ɗan damfara ke haɗa cikakken sunanka da ranar haihuwarka da lambar wayarka, sannan ya kira ka yana jero su ɗaya bayan ɗaya har ka sakankance daga banki yake. Ana kuma iya ƙoƙarin buɗe asusu ko cin bashi da sunanka ta hanyarsu.

Kiran da ke cewa daga banki yake

Wannan ita ce hanyar da ta fi cin mutanenmu, don haka zan daɗe a kanta. Mai kiran yakan zo da ladabi. Zai yi sallama, ya ce “Alhaji, barka da war haka” ko “Hajiya, an wuni lafiya?”, ya ambaci sunanka har da na mahaifinka, wani lokaci da Hausar da ba za ka raba ta da ta maƙwabcinka ba. Tunanin cewa ɗan damfara Turanci kawai yake yi ya daɗe da wucewa. Bayan gaisuwa sai ya kawo matsala: an ga wani yana ƙoƙarin cire kuɗi daga asusunka, ko BVN ɗinka bai haɗu da NIN ba kuma za a rufe asusun yau kafin la'asar, ko katinka ya daina aiki. Daga nan sai ya nuna shi ne mai ceto, ya ce in ka ba shi haɗin kai zai gyara maka ba sai ka sha rana a layin banki ba.

Ƙaryar tana kamawa ne domin an gina ta a kan gaskiya. Gwamnati ta tilasta haɗa layin waya da NIN tun Disamban 2020, kuma a Disamban 2023 Babban Banki ya umarci a haɗa asusu da BVN ko NIN. Mutane sun ji waɗannan a rediyo, wasu ma an taɓa rufe musu layi, don haka in aka ce musu za a rufe asusu sai gabansu ya faɗi. Abin da ba a cika faɗa musu ba shi ne, irin wannan gyara a reshen banki ake yin sa ko cikin manhajar bankin ta ainihi, kuma babu wani mataki a cikinsa da ke buƙatar ka karanta wa wani mutum PIN ko OTP.

Ƙa'idar da nake so kowa ya ɗauka guda ɗaya ce, kuma ba ta da togiya: duk wanda ya neme ka da maganar asusunka, ka yanke maganar, sannan kai ka nemi bankin ta hanyar da ka riga ka sani. Ka kashe wayar, ka juya katin ATM ɗinka ka kira lambar da ke rubuce a bayansa, ko ka hau kabukabu ka tafi reshen da kanka. Kada ka kira lambar da ta kira ka, kuma kada ka kira wadda aka turo maka a saƙo. In matsalar gaskiya ce, za ka same ta tana jiranka a banki, jinkirin awa ɗaya ko kwana ɗaya ba zai ƙara mata komai ba. In kuwa mai kiran ya hau matsa maka, yana cewa kada ka ajiye waya, ko kada ka gaya wa kowa, wannan matsin kansa ya isa shaida, domin gaggawar ita ce jarinsa.

Na san abin da ke hana mutane da yawa kashe waya shi ne kunya. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a katse wa mutum magana, balle wanda ya yi maka sallama ya girmama ka. Amma babu dillalin da zai saki igiyar sa a Kara ya miƙa wa baƙo don kawai baƙon ya san sunan mai san kuma ya iya gaisuwa. Ya isa ka ce, “Na gode, zan zo ofis da kaina,” ka ajiye. Ma'aikacin banki na gaskiya ba zai ji haushin wannan ba, hasali ma abin da bankuna ke roƙon abokan hulɗarsu su yi ke nan.

Kada kuma sunan da ya bayyana a kan saƙo ya ruɗe ka. Akwai dabarun da ake turo tes ya fito da sunan banki a samansa, har ma ya shige cikin jerin saƙonnin alat na gaskiya. Hoton tambarin banki a kan lambar WhatsApp kuwa kowane yaro yana iya sa shi cikin minti ɗaya.

Linki da shafukan bogi

Hanya ta biyu ita ce a turo maka linki a ce ka danna. Wani lokaci tsoratarwa ce irin ta mai kira, amma a yankinmu an fi zuwa ta ƙofar kwaɗayi da buƙata: tallafin gwamnati, rabon taki, bashin manoma, gurbin aiki, kujerar Hajji, kyautar data, ko rabon zakka da sunan wani attajiri in azumi ya gabato. Akan sa sunayen hukumomi na gaskiya irin su NAHCON mai kula da aikin Hajji, ko NELFUND mai bai wa ɗalibai rance, domin an san iyaye da ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da sauran makarantu suna jiran irin wannan labari. In ka danna, sai fom ya buɗe yana neman suna da BVN, daga nan ya gangaro kan lambar kati da PIN da sunan wai ta nan za a turo maka kuɗin. A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani: mai son ya ba ka kuɗi lambar asusu kaɗai yake buƙata. Lambar kati da PIN na fitar da kuɗi ne.

Akwai hanyar karanta adireshin shafi da ya kamata kowa ya koya. Ka duba rubutun da ke can saman shafin, ka nemo karkatacciyar sanda (/) ta farko da ta zo bayan sunan, sannan ka karanta kalmomin da ke dab da ita ta hagu, domin su ne ainihin sunan mai shafin. Shafin Babban Banki cbn.gov.ng ne, kuma shafukan hukumomin gwamnati galibi da gov.ng suke ƙarewa. In ka ga, a misali, an rubuta cbn.gov.ng sannan aka ci gaba da wasu kalmomi har aka ƙare da wani suna dabam kafin sandar, to shafin na mai wancan suna na ƙarshe ne, an sa sunan hukumar a gaba ne kawai don yaudara. Alamar kwaɗo da ke fitowa kusa da adireshi ba ta tabbatar da gaskiyar mai shafi, domin shafukan bogi ma suna samunta.

Duk da haka, a ganina wanda ba ya jin zai iya wannan tantancewa bai kamata ya wahalar da kansa ba. Ya fi sauƙi ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba zai taɓa shiga bankinsa ta linki ba. Ya sauke manhajar daga Play Store ko App Store, in da hali a gaban ma'aikaci a reshe don ya tabbatar masa ita ce ta ainihi, kuma ta nan kaɗai zai riƙa shiga. Manhajar da aka turo ta WhatsApp ko aka tura ta Xender daga wayar wani, musamman masu alkawarin bashi nan take, tana iya neman izinin karanta saƙonninka, kuma wanda ke karanta saƙonninka yana ganin OTP ba sai ya kira ka ba.

Wani tarkon da ke kama har masu ilimi shi ne na koke a Facebook ko X. Tiransifa ta maƙale, mutum ya rubuta ƙorafi a ƙarƙashin shafin bankinsa, nan da nan sai wani shafi mai irin suna da tambarin bankin ya amsa masa, ya ce ya biyo shi WhatsApp a warware. Haka ma lambar da ka samo ta hanyar bincike a Google tana iya zama ta ɓarayi. Bayan kati da reshe sun fi aminci.

Waya, layi da WhatsApp

Tunda ana tura kuɗi da gajerun lambobi irin su *894# na First Bank, da *919# na UBA, da *737# na GTBank, da *901# na Access, layin da ka yi rajistar banki da shi ya zama tamkar asusun kansa. Wanda ya tsinci wayarka ko ya fizge ta a tasha yana iya cire layin ya sa a wata waya, ya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, ya fara gwada bankuna. Kulle fuskar waya ba ya hana wannan. Abin da ke hanawa shi ne sa wa layin kansa PIN daga saitin waya, ta yadda duk wayar da aka sa shi sai ta nemi lambar. In za ka yi, ka nemo katin da layin ya zo a jikinsa tukuna, domin in aka yi kuskuren lambar sau uku layin zai kulle sai da lambar PUK da ke jikin katin. Kada PIN ya zama shekarar haihuwa, ko 1234, ko ƙarshen lambar waya, kuma kada a ajiye shi cikin jerin sunayen waya ko a ɗauki hoton katin ATM a bari a ciki.

Ka tambayi bankinka lambar rufe asusu cikin gaggawa tun kafin buƙatarta ta taso, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida. Wasu bankuna suna da irin wannan lamba da ake dannawa daga kowace waya, kamar *901*911# na Access da *966*911# na Zenith. In layinka ya ɗauke sabis haka kawai na tsawon lokaci alhali na mutanen da ke kusa da kai suna aiki, kada ka ɗauka matsalar sabis ce da aka saba, ka bincika ofishin kamfanin layin ko wani ya yi maka welkom bak a ɓoye. Layin da ka daina amfani da shi kuma, ka je banki ka cire shi daga asusunka da BVN ɗinka, domin kamfanonin waya suna sake sayar da layin da ya daɗe a kashe.

WhatsApp ma ƙofa ce. Akan kira mutum a ce za a sa shi a taron ƙungiya ko zauren tsofaffin ɗalibai, a nemi ya karanto lambobi 6 da suka shigo masa. Da su ake ƙwace shafinsa, sannan a bi 'yan'uwa da abokai ana neman rance da sunansa. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a saitin WhatsApp yana toshe wannan, kuma duk saƙon neman kuɗi daga wanda ka sani, ka kira shi ka ji muryarsa kafin ka tura.

Ga 'yan kasuwa, magana ɗaya ta isa game da alat na bogi: kada kaya su bar shago sai ka buɗe manhaja ko injin POS ka ga kuɗin sun zauna. Wanda kuma ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure, ka sa a bi ta banki a mayar masa.

Waɗanda wasu ke taɓa musu waya

Yawancin shawarwarin da bankuna ke bugawa suna ɗauka cewa kowa da kansa yake sarrafa asusunsa, alhali a gidajenmu ba haka abin yake ba. Dattijon da ke karɓar fansho jikansa ne ke duba masa alat. Matar aure takan bai wa yaro kati da PIN ya je wurin mai POS. Manomi daga Wurno ko Gwadabawa yakan miƙa wa mai POS kati ya faɗa masa lambar da baki a gaban jama'a. Cewa irin waɗannan mutane kada su gaya wa kowa PIN ba zai yi aiki ba, gara a rage abin da zai iya salwanta. A buɗe asusu biyu: ɗaya na ajiya, wanda ba shi da kati kuma an roƙi banki ya rufe masa tiransifa ta waya, ɗayan kuma na hidimar yau da kullum, wanda ba a barin kuɗi masu yawa a cikinsa. A nemi banki ya rage iyakar abin da za a iya fitarwa a rana. A wurin POS kuwa mai kati ya danna lambarsa da hannunsa, ya kare da ɗaya hannun, kuma kada katin ya ɓace wa idonsa.

Wanda Allah Ya hore wa karatu a gida, wannan nauyi a kansa yake. Ka zauna da Baba da Inna ka gaya musu a sarari cewa duk wanda ya kira da maganar banki su ce masa, “Bari ɗana ya dawo,” su ajiye waya. Ka maimaita musu lokaci zuwa lokaci, musamman dab da azumi da Sallah da lokacin biyan kuɗin Hajji. Matasa kuma a ja musu kunne kada su ara wa kowa asusunsu a karɓi kuɗi don a ba su wani abu, domin in aka bi sawun kuɗin sata, sunan mai asusun ne zai fara fitowa.

Idan abin ya riga ya faru

Tiransifa tsakanin bankuna tana isa cikin daƙiƙoƙi, kuma ɓarawon yakan rarraba kuɗin zuwa wasu asusun nan take, don haka mintunan farko sun fi komai daraja. Ka rufe asusun da katin da lambar gaggawa ko ta kiran banki, ko da tsakar dare ne. Ka shaida musu damfara ce, ka nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin suka tafi don a riƙe su. Kada ka goge komai: saƙonni, da lambar da ta kira, da linkin, da alat mai ɗauke da lokaci da sunan wanda ya karɓa, duk hujja ne. Da gari ya waye ka je reshe ka rubuta koke, ka karɓi lambar shaidar koken, ka sauya PIN da kalmar sirri da katin gaba ɗaya.

In mako biyu ya wuce bankin bai warware ba, ƙa'ida ta ba ka damar kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki ta adireshin cpd@cbn.gov.ng, ko ka kai takarda reshensa na Sakkwato, tare da shaidar cewa ka fara kai koke bankinka. Ka kuma kai rahoto ga 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Sakkwato. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1, ko duka biyun, ga mai irin wannan yaudara. Matsalar da ta shafi kamfanin layi kuma, hukumar sadarwa ta NCC tana karɓar koke a lambar 622 kyauta.

Ba kowane lokaci ake dawo da kuɗin ba, musamman in mai asusun ne ya bayar da OTP da kansa, kuma bai dace a yi wa kowa alkawarin ƙarya a kan haka ba. Amma abin da ya fi ɓata damar shi ne ɓoyewa. Magidanci ya ji kunyar a ce an yi masa wayo, ya yi shiru kwana uku, kafin ya je banki babu abin da ya rage da za a riƙe. Iyalin wanda abin ya shafa su bar faɗa da gori sai an dawo daga banki. Sannan a yi hattara da kira na biyu, domin bayan kwanaki kaɗan wani yakan bugo ya ce shi jami'in EFCC ne ko lauyan banki, an gano kuɗin, a turo wani abu na buɗe fayil. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo, kuma babu hukumar da ke neman a tura mata kuɗi ta asusun wani mutum kafin ta karɓi koke.